Tsakanin 'Yanci da Tsaron Ƙasa: Wa Ke Riƙe da Sikelin?

Tambaya: "Malam, ni mutumin Zamfara ne. Lokacin da aka katse mana sabis a 2021 na goyi baya, don na ga rayuka ake son ceta. Sai na riƙa jin lauyoyi na cewa tauye 'yanci ne. Mu dai mun taso muna jin cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Wai mene ne ma 'yancin, kuma don me za a fifita shi a kan tsaron ƙasa?"

Amsa:

Ɗan'uwa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Goyon bayan da ka bayar ba abin kunya ba ne. Wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe yana sauraron ƙarar babura ba ya buƙatar wani lauya ya koya masa darajar zaman lafiya. Inda zan ɗan ja da kai shi ne yadda ka jera tambayar, kamar 'yanci na hannun dama, tsaro na hagu, sai an sauke ɗaya kafin a ɗauki ɗaya. Haka masu mulki suka fi son a jera ta, domin duk wanda aka ce ya zaɓa tsakanin ransa da wayarsa, an san abin da zai zaɓa.

Mutane da yawa sun ɗauka 'yanci shi ne ka yi abin da ka ga dama. Wannan babu shi a kowace ƙasa, kuma babu shi a addini. Abin da masana doka suke nufi ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi nauyi: kada rayuwarka ta rataya a kan ganin damar wani mutum. Bawan da ya yi dace da ubangida mai kirki, yana ci yana ƙoshi, ba a taɓa dukansa ba, har yanzu bawa ne, saboda ranar da ubangidan ya tashi da ɓacin rai babu inda zai kai kuka. Ɗa kuwa shi ne wanda in za a taɓa shi sai an kawo dalili, dalilin kuma a rubuce yake tun kafin a taɓa shin, akwai kuma wani na uku da zai saurari ɓangarorin biyu.

In ka riƙe wannan ma'ana za ka ga manomin Dansadau ko Zurmi da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa ya riga ya rasa 'yancinsa, ko da kuwa babu jami'in gwamnati ko ɗaya da ya taɓa shi. Shi ya sa sashe na 14(2)(b) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Haka kuma saurayin da aka ɗauke a shingen bincike, aka shekara iyayensa ba su san inda yake ba, shi ma ba shi da tsaro, ko da wanda ya ɗauke shi kaki ne a jikinsa. Uwar da ke neman ɗanta ba ta damu da irin tufafin wanda ya tafi da shi ba.

To, shin gwamnati na da ikon taƙaita haƙƙin mutane saboda tsaro? Ƙwarai kuwa, kuma duk lauyan da ya ce maka ba ta da shi bai faɗi gaskiya ba. Babi na 4 na kundin ya jera haƙƙoƙi, sai sashe na 45 ya zo ya ce guda biyar daga ciki, wato sirrin mutum, addini, faɗin albarkacin baki, taro da kafa ƙungiya, da zirga-zirga, ana iya taƙaita su saboda tsaron ƙasa, lafiyar jama'a, doka da oda, tarbiyya, ko kare haƙƙin wasu. Sai dai sashen ya ɗaura sharaɗi wanda akasari ake tsallakewa in ana karanta shi a taron manema labarai. Taƙaitawar sai ta zo ta hanyar doka, kuma dokar ta zama irin wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Sanarwar minista ba doka ba ce. Fushin gwamna ba doka ba ne. Ko a lokacin dokar ta-ɓaci, sashe na 305 ya ce sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ta tarayya sun amince, kuma wa'adinta wata shida ne, in ana son ƙari sai an koma majalisa. Mun ga wannan a aikace: Shugaba Jonathan ya ayyana dokar a Borno, Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, aka sabunta ta sau biyu, da aka zo neman na uku a Nuwamban 2014 Majalisar Wakilai ba ta amince ba, dokar ta mutu. Akwai kuma abin da ta-ɓaci ma ba ta halatta shi, kamar azabtarwa da sashe na 34 ya hana.

Wanda ya zauna gaban malamai ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman fiƙihu sun ce larura tana halatta abin da aka hana, amma ba su tsaya nan ba, sun ce ita larurar ana auna ta ne gwargwadon girmanta. Masu mulki sun haddace rabin farko tsaf. Rabin na biyu ne kullum ake mantawa da shi a gida.

Yanzu mu auna abin da ya faru a jiharku. A farkon Satumbar 2021 hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin Zamfara bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle. Aka haɗa da rufe kasuwannin mako-mako, hana sayar da mai a jarka, hana safarar dabbobi da taƙaita hawa babur. Daga baya wasu ƙananan hukumomi a Katsina, Sakkwato da Kaduna suka bi sahu. Ta fuskar doka wannan mataki yana da ɗan abin dogaro, domin dokar sadarwa ta 2003 ta ba NCC ikon dakatar da sabis in an shiga halin gaggawa. Manufar ma ba ta da aibu: a raba 'yan bindiga da infomominsu na cikin gari, a toshe cinikin kuɗin fansa, a ba sojoji damar kai farmaki ba tare da labari ya riga su isa daji ba. Zuwa nan ina tare da kai.

Inda na rabu da matakin shi ne wurin awo. An ce mako biyu ne. Gusau ta shafe kusan wata guda, wasu ƙananan hukumomin kuma kusan wata uku. Babu wanda ya fito ya faɗa wa jama'a ma'aunin da za a duba a ce an yi nasara ko ba a yi ba, babu majalisar da ta zauna ta binciki sakamakon kafin a tsawaita. A cikin wannan lokaci kai ka fi ni sanin abin da aka sha: mutane na hawa mota har Funtuwa don su buga waya ɗaya, masu POS sun rufe, wanda ɗansa ke aiko masa da kuɗi daga Legas ya zauna hannu rabbana, mai naƙuda ba ta da hanyar kiran mota da dare. Su kuwa waɗanda aka yi dominsu, na bakin iyaka sun koma kama sabis ɗin Nijar. Mafi muni, ƙauyen da ya hango babura na tahowa ba shi da yadda zai sanar da kowa. A Oktoban shekarar aka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo da ke Sakkwato, a lokacin da yankin ke cikin wannan duhu. Kuma ba wannan ne karon farko da aka ga haka ba. A Yulin 2013, lokacin da aka katse waya a arewa maso gabas, aka kai hari makarantar sakandaren Mamudo a Yobe aka kashe ɗalibai da dama, Gwamna Ibrahim Gaidam da kansa ya roƙi a maido da sabis saboda mutanen da suka ga alamun maharan ba su da hanyar kai rahoto. Shekara takwas tsakani, aka maimaita maganin ba tare da an buɗe fayil ɗin farko ba.

'Yan'uwanmu na Diffa a Nijar sun ɗanɗana irin wannan tun 2015, lokacin da dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur ta kuma taƙaita cinikin kifi da tattasai don a yanke wa Boko Haram hanyar kuɗi. Kifi da tattasai kuwa su ne abincin yankin. Matashin da ka raba da sana'arsa shekara da shekaru, ka san wanda ke jiransa da tayin aiki.

Kada ka ɗauka kowane hani nake suka. Da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Ado Bayero hari a Janairun 2013, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin. Dubban matasa sun ji jiki, wannan gaskiya ne. Amma harbi a kan babur shi ne salon kisan da ake yi a Kano a lokacin, hanin ya nufi wannan salo kai tsaye, kuma akwai Adaidaita Sahu da ta maye gurbi ga fasinja da ma direbobi da yawa. A nawa awon wannan ya fi kusa da abin da sashe na 45 ke nufi.

Rufe Twitter kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. An sanar da shi ranar 4 ga Yunin 2021, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, aka buɗe a Janairun 2022. Ministan shari'a har barazanar gurfanar da masu shiga ta bayan gida ya yi, alhali babu dokar da ta mayar da hakan laifi. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar haramtacciya ce. Ka lura, kai da aka katse wa waya gaba ɗaya ka fi mai Twitter cutuwa nesa ba kusa ba, amma kukansu ne ya cika duniya saboda suna da lauyoyi da jaridu. Wannan ma wani abin dubawa ne a kan yadda muke raba 'yanci tsakanin birni da ƙauye.

Wurin da maganar ta fi zafi shi ne tsare mutane. A Agustan 2018, a taron ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa a Abuja, Shugaba Buhari ya ce bin doka dole ya rusuna wa tsaro da muradin ƙasa, ya kuma jingina maganarsa da Kotun Ƙoli. Hukuncin da ake nufi shi ne na shari'ar Asari Dokubo, wani jagoran tsagerun Neja Delta, a 2007, inda kotun ta hana shi beli tana cewa in tsaron ƙasa na cikin haɗari, haƙƙin mutum ɗaya na iya komawa baya. Maganar tana nan a hukuncin, ba ƙirƙira ba ce. Amma dubi wanda ya yi awon. Gwamnati ce ta je gaban alƙalai ta baje hujjarta, lauyan wanda ake tuhuma ya mayar da martani, alƙalai suka yanke. Hukuncin bai ce in kotu ta ba da beli, wani jami'i na iya naɗe takardar ya sa a aljihu don shi a ganinsa akwai barazana ba.

Abin da aka yi ke nan a shari'o'i biyu da kowa ya sani. An kama Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a Disambar 2015. Kotuna daban-daban suka ba shi beli, kotun ECOWAS ta ce tsarewar ta saɓa doka a 2016, amma bai fito ba sai Disambar 2019. Sheikh Ibrahim Zakzaky kuwa, bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da mabiyansa a Zariya a Disambar 2015, wanda kwamitin binciken gwamnatin Kaduna da kansa ya tabbatar an binne mutum 347 a kabari guda, Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarni a Disambar 2016 a sake shi da matarsa cikin kwana 45. Ba a yi ba. Sai a Yulin 2021 wata kotu a Kaduna ta sallame su. Na san wani zai ce ai wane ya ci kuɗin makamai, wane kuma aƙidarsa kaza. Ra'ayinka a kansu naka ne, ni ma ina da nawa. Amma in mutumin da ke da manyan lauyoyi da dubban mabiya takardar kotu ba ta fitar da shi ba, kai da ni fa? Ikon da aka gwada a kan wanda jama'a ke ƙi, shi ne ake ajiyewa don amfanin gobe.

Tarihinmu ya nuna haka ƙarara. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa Doka ta 2, wadda ta ba da ikon tsare mutum wata uku ba tare da shari'a ba, a kuma sabunta in an ga dama, kotu ba ta da ta cewa. Aka kafa Doka ta 4 don takura wa jaridu, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda. Da Babangida ya karɓi mulki a Agustan 1985 ya soke Doka ta 4 aka yi ta tafi, amma ya riƙe Doka ta 2. Shi kansa Buhari ya shafe fiye da shekara uku a tsare ba tare da an gurfanar da shi ba. Abacha ya gaji dokar ya yi amfani da ita yadda ya so, ba a rabu da ita ba sai 1999. Shekara 15 ke nan ga dokar da aka kawo don gyaran wani ɗan lokaci. Ba mu kaɗai ba ne kuma. A 1942 Amurka ta kwashe kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan, mafi yawansu 'yan ƙasarta, ta zuba a sansanoni da sunan tsaro, Kotun Ƙolinta ta amince a 1944, sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara ta biya diyya.

Adalci ne a saurari ɓangaren jami'an tsaro, domin ƙorafinsu ba na banza ba ne. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sojan da ya kamo mutum a dajin Sambisa ko Rugu ba shi da hoton yatsa, ba shi da shaidar da za ta yarda ta tsaya a kotu, domin shaidar ta san abin da zai same ta in ta koma gida. Wanda aka tsare ma yana iya kuɓucewa, kamar yadda aka fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022. Duk wannan gaskiya ne. Amma doka ta riga ta buɗe musu ƙofa. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ba da damar a nemi izinin kotu a ci gaba da tsare mutum kwana 14 a karon farko, a kuma sake neman ƙari, dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 kuma ta ba da wa'adin da ya fi haka tsawo. Abin da ake buƙata kawai shi ne wani ya ɗauki fayil ya je gaban alƙali ya faɗi sunan mutumin da dalilin riƙe shi. Wanda ya ƙi yin wannan ɗan abu, da wuya a ce tsaron ƙasa ne ya hana shi.

Sannan akwai tambayar da ba a cika yi ba: shin tauye haƙƙin yana kawo tsaron ma kuwa? An kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a ƙarshen Yulin 2009 ba tare da shari'a ba, mutane da yawa suka ce an huta. Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa maka ba. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji a Oktoban 2017, zaman farko ya ɗaure mutum 45, ya sallami 468, wasunsu bayan shekaru a tsare. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa da ƙanne da abokai da suka koyi darasi a kan gwamnati. Wani binciken hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 a kan matasan Afirka da suka shiga ƙungiyoyin ta'addanci ya gano kashi 71 cikin ɗari sun ce wani aikin gwamnati ne, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, ya tunzura su a ƙarshe. Yaƙi da 'yan bindiga yaƙin bayanai ne. Mutumin ƙauye ne ya san wanda ke kai musu burodi da mai, kuma ba zai faɗa wa jami'in da yake tsoro kamar yadda yake tsoron ɗan bindiga ba.

Ka kuma riƙa bambance tsaron ƙasa da tsaron kujera, domin sunansu ɗaya a bakin gwamnati. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, an gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ranar 1 ga Nuwamba, cikinsu har da yara ƙanana da aka kwaso daga Kano da Kaduna, bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa. Sun shafe kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Da hotunan suka bazu, cikin kwanaki Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. In da gaske barazana ne ga ƙasa, hoto ba zai wanke su ba. In kuwa ba barazana ba ne, to wata ukun da sunan me aka ci? An yi ƙone-ƙone da sace-sace a lokacin zanga-zangar, wanda aka kama da kayan sata akwai dokar sata da za ta hukunta shi.

Don haka in gobe aka sake zuwa muku da wani mataki, ba sai ka zaɓi ɓangare tun kafin ka ji bayani ba. Ka tambayi wace doka ce ta ba da ikon, yaushe zai ƙare, wa zai duba ko ya yi amfani, kuma wanda ya cutu ina zai kai ƙara. Ɗan majalisar jiharku shi ne mutum na farko da ya kamata ya amsa, tunda aikinsa ne. In kuma wani naka aka kama aka ƙi kai shi kotu, sashe na 46 ya ba da damar shigar da ƙara a Babbar Kotun jiha ko ta Tarayya, kuma ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun yarda ɗan'uwa ko wata ƙungiya su shigar a madadinsa, ba sai shi da kansa ba. Ku rubuta ranar da aka kama shi, wurin, da sunayen waɗanda suka gani da idonsu tun abin bai shige musu ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin Legal Aid Council, wato hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta, ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke babban birnin jiharsa, ba a biyan kuɗi kafin a karɓi koke.